Kurciyar da ke sauka a bayan gidanka a Texas ba ta gida ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Daura ne, ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari kusa da Dallas, jihar Texas. Tun bara wasu kurciyoyi suke sauka a bayan gidana inda nake watsa wa tsuntsaye tsaba. Launinsu toka-toka ne mai haske, suna da baƙin zobe a ƙeya, kuma sun fi sauran kurciyoyin unguwar girma. Ni dai a ganina irin su muke bi da danƙo muna yara. Amma maƙwabcina ya ce baƙi ne masu mamaye ƙasa, wai ko an harbe su babu laifi. Daga Afirka aka kawo su? Ta yaya zan tabbatar da ko wace iri ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idonka bai yaudare ka gaba ɗaya ba, sai dai kama da wane ba ta wane. Bisa siffar da ka bayar da kuma garin da kake, tsuntsuwar da ke cin tsabarka ita ce wadda masana suke kira Streptopelia decaocto, Amurkawa kuma suna ce mata Eurasian Collared-Dove. Jamusawa da Faransawa sun sa mata suna kurciyar Turkiyya, domin ta wajen Turkiyya ta shigo musu, kuma da wannan sunan zan riƙa kiranta a nan don ya fi sauƙin faɗa. Maƙwabcinka ya yi gaskiya, baƙuwa ce a Amurka. Amma ba daga Afirka ta zo ba. Asalinta Asiya ne, wajejen Indiya. Abin da ya sa ka ga kamar ka san ta shi ne tana da 'yar'uwa ta kusa ƙwarai a ƙasarmu, wato Streptopelia roseogrisea, kurciya mai zobe ta Sahel, wadda ake samu tun daga Senegal da Muritaniya, ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan har kudancin yankin Larabawa. Mutumin Daura ba zai rasa saninta ba.

Kada ka ji kunyar wannan ruɗu, domin ƙwararru ma sun faɗa cikinsa, kuma faɗawar tasu ce ta sa tsuntsuwar ta yi shekaru tana yaɗuwa a Florida ba a lura ba. Ga yadda abin ya faru. Kurciyarmu ta Sahel ita ce kakar wata kurciyar keji da mutane suka daɗe suna kiwo, shekaru ɗaruruwa, har ta koma fara-fara mai sanyin hali. Ita ce masu wasan rufa-ido suke zarowa daga hannun riga. A Amurka ana sayar da ita a shagunan dabbobi, wasu sukan tsere, wasu kuma a sake su, har suka kafa 'yan ƙananan garke a wurare irin su Los Angeles da St. Petersburg ta Florida. To da aka fara ganin kurciyoyi masu zobe suna sheƙa a kudancin Florida a farkon shekarun 1980, sai kowa ya ɗauka 'yan kejin nan ne da aka saba gani, aka kawar da kai. Sai da adadinsu ya wuce hankali aka sake dubawa. A 1987 wani masanin tsuntsaye, P. William Smith, ya wallafa bayanin da ya tabbatar cewa wata iri ce dabam. Kafin nan ta riga ta zauna da gindinta.

Saboda haka abu na farko da zan ce maka shi ne ka manta da zoben nan. Shi ne abin da ido yake fara kamawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Ko a gida kurciyoyi huɗu ne aƙalla suke da baƙin zobe a ƙeya: ta Sahel da na ambata, da ƙaramar nan mai ƙirji ruwan hoda da ke cika dajin ƙaya da kuka da rana tsaka, da mai rawayan ido da ke son bakin ruwa, da babbar mai jan ido da aka fi samu idan an gangara kudu. Duk zobe ɗaya, tsuntsu huɗu. Sannan 'yan shilar kurciyar Turkiyya da ba su daɗe da barin sheƙa ba ba su da zoben ma sam, ko kuma yana nan dishi-dishi. Wanda ya dogara da zobe zai kira babba da sunan da ba nata ba, ya kuma kasa gane 'yarta.

Inda gaskiyar take shi ne ƙarƙashin bindi. Sa'ar da kake da ita, wannan tsuntsuwa tana son zama a kan wayar lantarki da eriya da bakin rufin gida, wato tana nuna maka cikinta kyauta. Ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai. Za ka ga bindi mai faɗi, ƙarshensa a yanke kamar da almakashi, ba mai tsini ba. Rabinsa na wajen ƙarshe fari ne, rabin da ke kusa da jiki kuma baƙi. Sai ka dubi 'yan gajerun gashin da suka rufe gindin bindin, tsakanin ƙafafu da bindi. A kurciyar Turkiyya waɗannan toka-toka ne, kusan launi ɗaya da ciki. A tamu ta Sahel da jikarta ta keji fari ne fat, kuma baƙin da ke gindin bindin kaɗan ne, sau da yawa ma farin gashin ya ɓoye shi. Idan kana da madubin hangen nesa, ko wayarka tana jawo hoto da kyau, akwai wata alama da ta fi wannan daɗi: ka dubi gashin bindi na can gefe. A kurciyar Turkiyya baƙin yana zarcewa ta bakin gefen gashin ya gangara ƙasa kamar an ja siririn layi da alƙalami, ya wuce inda sauran baƙin ya tsaya. A ta keji gefen nan fari ne. Ni kaina idan aka turo mini hoto, nan nake fara kai ido, kuma yawancin hotunan da ake turowa ba su da amfani saboda an ɗauke su ta baya ne, an bi zobe an bar bindi.

Bayan bindi sai fiffike. Idan tana zaune, dogayen gashin ƙarshen fiffikenta duhu ne sosai, ruwan ƙasa mai kusan baƙi, sun fita dabam da sauran jikin mai haske. 'Yar keji kuwa gashin nan nata ya koɗe, bai fi sauran jikin duhu da yawa ba, sai ka ga tsuntsuwar gaba ɗaya kamar an wanke ta da madara. Girma ma yana taimakawa idan akwai abin gwadawa a kusa. Kurciyar Turkiyya tana kai wajen santimita 32 daga baki zuwa ƙarshen bindi, buɗin fukafukanta kuma wajen rabin mita. Ba ta kai tattabara ƙiba ba, amma ta fi tamu ta Sahel tsawo da cika. Idonta ja ne mai duhu, daga nesa sai ka ce baƙi. Baki baƙi, ƙafafu jajaye. Namiji da mace ba a raba su da ido.

Amma duk wannan dogon bayani kunne yana gama shi cikin daƙiƙa biyar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a wajen kurciyoyi wannan magana ba karin magana ba ce kawai, ilimi ne. Kukan kurciya gadonsa take yi, ba koyo ba, shi ya sa ba ya canzawa don ta canza ƙasa. Ta Turkiyya gaɓa uku take yi: ku-kuu-kuk. Ta farko gajera, ta tsakiya doguwa mai nauyi, ta ƙarshe a datse. Ta maimaita, ta maimaita, tun asuba, har ka gaji. Babu gurnani a ciki, muryar a wanke take. Tamu ta Sahel gaɓa biyu take yi, ta biyun kuma tana birgima a maƙogwaro: kuk, kurrrruuu. Ka rufe ido ka tuna kukan da kake ji a bakin gona da rani. Idan ka tuna da kyau za ka ji wannan ra mai karkarwa, kuma da wuya ka ji ta a bayan gidanka na Texas.

Akwai kuka na biyu da ya fi na farko tona mata asiri. Duk sanda kurciyar Turkiyya za ta sauka, musamman idan ta tarar da wasu a wurin, takan saki wata ƙara mai kaushi ta hanci, kamar kwaaa ko kwarrr, wadda ba ta yi kama da ta kurciya ba sam. Mutane da yawa sukan ɗaga kai suna neman wani tsuntsu dabam. 'Yar keji a irin wannan hali wata 'yar dariya take yi, he-he-he-he, mai sanyi. Idan ka ji kwaaa ɗin nan tare da ku-kuu-kuk, magana ta ƙare. Ka kuma lura da namijin lokacin neman aure: yakan tashi sama a miƙe yana tafa fukafukai, sannan ya buɗe su da bindi ya sulalo yana kewayawa har ya koma inda ya taso.

Abu ɗaya ne yakan ɓata lissafi. Irin biyun suna iya haɗuwa su haifi ruwa-biyu, kuma a cikin kurciyoyin Turkiyya ma akan sami wasu masu hasken launi fiye da kima. Idan ka ga wadda alamominta suka saɓa, misali ƙarƙashin bindi fari-fari amma kuka gaɓa uku, kada ka matsa sai ka sa mata suna. Ka ɗauki hoto da murya ka ajiye. Masu nazari na gaskiya suna barin wasu tsuntsaye babu suna, kuma ba a ɗaukar hakan gazawa.

Sauran kurciyoyin unguwarku ba za su wahalar da kai ba, amma dole ka san su saboda maganar doka da za mu zo kanta. Wadda ta fi yawa a Amurka ita ce Zenaida macroura, wadda suke kira Mourning Dove saboda kukanta mai kama da na makoki. Siririya ce, ƙaramin kai, ruwan ƙasa, da baƙaƙen ɗigo a fiffike, babu zobe. Bindinta dogo ne mai tsini kamar mashi, irin na bardo idan ka tuna shi, sai dai ta fi bardo girma nesa. Idan ta tashi fukafukanta suna yin fito. Ta biyu ita ce mai farin fiffike, Zenaida asiatica, wadda sunan ya ruɗar domin ba ta da alaƙa da Asiya, 'yar ƙasa ce. Girmanta ya yi kusa da na baƙuwar, bindinta ma ba mai tsini ba ne, don haka ita ce za ka iya ruɗewa da ita a sama. Amma tana da farin layi a bakin fiffike da ake gani ko tana zaune, da shuɗiyar fata kewaye da jan ido, da ɗan baƙin zane a ƙasan kunci, ba a ƙeya ba. Akwai kuma 'yar mitsitsiya mai gashi kamar ɓawon kifi, Inca Dove, ita ba ta cikin gardama.

Mai farin fiffiken nan tana da nata labarin da ya kamata ka sani, domin yana nuna bambanci tsakanin tsuntsun da ya faɗaɗa ƙasarsa da wanda aka shigo da shi. A da a Texas sai can kudu, kwarin kogin Rio Grande, ake samunta. A gomman shekarun da suka wuce ta hauro arewa ta cika San Antonio da Austin har Dallas ɗinku. Ita ma sabuwar zuwa ce a unguwarka, amma da fiffikenta ta zo daga maƙwabta, don haka ba wanda ke kiranta mai mamaya. Ita kuwa ta Turkiyya mutum ne ya tsallako da ita teku.

Yadda ta tsallako ɗin ma abin dariya ne. A tsakiyar shekarun 1970, a Nassau babban birnin Bahamas, ɓarayi suka fasa wa wani mai kiwon tsuntsaye, wasu kurciyoyi suka tsere, shi kuma ya buɗe wa sauran ƙofa. Duka-duka ba su wuce hamsin ba. A 1976 kuma aka saki wasu a tsibirin Guadeloupe na yankin Karibiyan lokacin da ake fargabar dutse zai yi aman wuta. Daga Bahamas zuwa Florida ba nisa, kuma a 1982 an same su suna sheƙa a Homestead, kudu da Miami. Sun iso Texas a tsakiyar shekarun 1990. Bayan shekara ashirin da 'yan kai da sheƙar Homestead sun kai gaɓar tekun Fasifik, yau kuma ana ganinsu daga Meziko har yammacin Kanada da kudancin Alaska. Da wuya a sami baƙon tsuntsu da ya ratsa nahiyar nan da irin wannan sauri.

Kuma ba yau ta fara ba. A farkon ƙarni na 20 iyakarta a Turai Turkiyya ce da yankin Balkan. Wajen 1930 sai ta tashi. Ta shiga Hangari, ta kai Jamus a shekarun 1940, ta yi sheƙa a Norfolk ta Ingila a tsakiyar shekarun 1950, ta kai Ayalan a 1959, har tsibiran Faroe can tsakiyar teku a farkon shekarun 1970. Babu wanda ya ɗauke ta, da kanta ta je. Daga baya ta juyo ta gangaro Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da tsibiran Canary, tana kuma Masar. Wato yanzu ta matso kusa da 'yar'uwarta ta ƙasarmu, kuma duk mai kallon tsuntsaye a arewacin Sahel yana da dalilin duba ƙarƙashin bindin kurciyoyin da ke kan waya. A gida idan mutum ya bar gari ya yi ta gaba ba waiwaye sai a ce an yi masa kurciya. Kai da ka bar Daura ka kai Dallas wataƙila an taɓa yi maka wannan tsokana. To ga kurciyar da aka yi wa kurciya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tafiyar tata shi ne alƙibla. A Turai arewa maso yamma ta nufa. A Amurka ma arewa maso yamma. Shi ya sa ta kai jihar Washington da Oregon da ke da nisan dubban kilomita daga Florida, alhali har yanzu ba ta da yawa a arewa maso gabas, wajejen New York da Boston, da suka fi kusa. Kuma ba ci-rani take yi ba, ba ta zuwa ta komo da sauyin yanayi. Manya suna zaune inda suke shekara duka. Matasan ne suke tashi su yi dogon tsalle, wani lokaci ɗaruruwan kilomita, su sauka a wani gari su kafa gida, daga baya a cike gurbin da ke tsakani. Don haka mutum zai iya kwana babu ita a garinsu ya wayi gari da biyu a kan waya, bayan shekara uku kuma ya kasa ƙirga su. Wasu masana suna ganin wani sauyi ne ya auku a halittar waɗanda ke Balkan ya sa musu wannan ɗabi'a ta tashi.

Sauran dalilan a fili suke. Ƙwai biyu kawai take yi, farare, a sheƙar da ba ta fi 'yan tsinke a giciye ba, har kana hango ƙwan ta ƙasa. Amma kwanci mako biyu ne da 'yan kwanaki, 'ya'yan su tashi cikin ƙasa da mako uku, kuma kafin su gama tashi uwar ta sake yin wasu. A wuri mai ɗumi irin Texas takan yi zubi uku zuwa shida a shekara. Ba ta jiran lokacin ƙwari kamar yawancin tsuntsaye, domin uwa da uba duka suna fitar da wani abu mai kauri kamar kindirmo daga jakar abincin da ke wuyansu, da shi suke ɗura wa 'yan shila. Duk mai kiwon tattabaru ya san wannan. Sannan tsuntsuwar mutane ce. Ba ta son ƙurmin daji, ba ta cika son tsakiyar babban birni ba inda tattabaru suka riƙe. Unguwannin bayan gari take so, da ƙananan garuruwan manoma, da wuraren tara hatsi, da garken shanun da ake ciyarwa da masara, da bayan gidan mutum irinka mai watsa gero. Amurka kuwa an shimfiɗa mata irin waɗannan wurare daga teku zuwa teku.

Shin tana cutar da 'yan ƙasa? A nan nake ɗan saɓa wa maƙwabcinka. Kalmar mamaya tana sa mutum ya zaci ɓarna ta tabbata, alhali abin da aka auna bai kai zafin maganar ba. Gaskiya ne tana da faɗa a wurin cin abinci, za ka gan ta tana korar ƙanana da fiffike. Amma masu bincike na Jami'ar Cornell sun yi amfani da ƙidayar da mutane ke yi a bayan gidajensu a Florida, suka wallafa a 2010 cewa wuraren da baƙuwar take ba su da ƙarancin kurciyoyin ƙasa, hasali ma sun fi yawa a can, wataƙila don abincin da ya jawo wannan shi ya jawo waccan. Wannan ba ya wanke ta har abada, kuma manomin da take yi wa kashi a kan abincin dabbobi yana da hujjar jin haushi. Amma ba a kama ta da irin laifin da aka kama wasu baƙin tsuntsaye da shi ba, masu ƙwace ramukan sheƙa daga 'yan ƙasa.

Inda nake ganin ya kamata ka damu shi ne cuta, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye tunda kai ke tara su. Akwai wata ƙwayar cuta, Trichomonas gallinae, da ke kama baki da maƙogwaron kurciya da tattabara, ta tara wani abu rawaya kamar cuku har tsuntsu ya kasa haɗiya. Za ka gan shi ya kumbura gashi, yana dalala, yana ɗaukar tsaba yana yarwa. Tsabar da ya yar da ruwan da ya sha su ne ke kai cutar ga na gaba, har shahon da ya ci shi yana iya kamuwa. Akwai kuma wata ƙwayar, dangin cutar Newcastle ta kaji, wadda ta sha kashe kurciyoyin Turkiyya da yawa a lokaci ɗaya a jihohin Amurka, Texas na ciki. Alamarta murɗewar wuya da tangaɗi. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka daina watsa tsaba mako biyu ko uku don taron ya watse, ka zubar da ruwan, ka wanke kwanukan da ruwan da aka zuba wa bilic kashi ɗaya cikin goma ka bar su su bushe a rana. Mushe kuma kada ka taɓa da hannu tsirara, kada yara su yi wasa da shi. Idan sun mutu da yawa ka sanar da hukumar kula da namun daji ta jiha. In kana kiwon kaji ko tattabaru a gidan, ka raba wurin cinsu da na baƙi tun yanzu.

Sai maganar harbi. Dokar tarayya ta 1918 da ke kare tsuntsaye masu ƙaura ba ta rufe kurciyar Turkiyya ba, tunda ba 'yar ƙasa ba ce. A Texas ba a ƙayyade mata lokacin farauta ko adadi ba, amma sai mutum yana da lasisin farauta. Mai makoki da mai farin fiffike kuwa suna ƙarƙashin doka, suna da lokacinsu da ke buɗewa a farkon Satumba a yankinku, da adadin da ba a wucewa a rana. 'Yar ƙaramar Inca ba a harbinta ko yaushe. Ka ga ke nan wanda bai iya rarrabe su ba yana iya jawo wa kansa tara a kan tsuntsun da bai kai loma uku ba. Shi ya sa ake shawartar mafarauta su bar gashin a jikin baƙuwar har su isa gida, don jami'i ya gani da idonsa. Kuma duk wannan maganar daji ce da gona. A cikin gari akwai dokar hana harba bindiga, wasu garuruwan har da ta iska, don haka kada wani ya ce maka babu laifi ka ɗauka bayan gidanka ake nufi. Dokokin suna bambanta daga jiha zuwa jiha, ana kuma sabunta su, sai ka duba na shekarar kafin komai. Naman dai nama ne irin na kurciyar da ka sani, har ta fi tsoka.

Idan so kake ka rage su ba tare da ka kori sauran tsuntsaye ba, ka daina watsa gero da dawa da fasasshiyar masara a ƙasa. A ƙasa ko a faffadan faranti take iya ci. Mazubin da ake ratayewa mai ƙananan matakai ba ya ɗaukar jikinta.

Sunan nan decaocto da na ambata tun farko, da harshen Girka goma sha takwas yake nufi. Wani masani ɗan Hangari, Imre Frivaldszky, shi ya sa mata shi a 1838, daga wata tatsuniyar mutanen yankin: wai wata baiwar Allah ce mai aikatau da ake biya kuɗi goma sha takwas kacal a shekara, ta yi ta kuka har aka mai da ita kurciya, take ta faɗin adadin har yau. Girkawa goma sha takwas suke ji a bakinta. Kai kuma gobe da asuba ka fita da waya ka ji abin da za ta ce maka da Hausa. Ka naɗi kukan na rabin minti, ka jira ta hau waya ka ɗauki hotonta ta ƙasa yadda bindin zai fito. Manhajar Merlin ta Cornell kyauta ce, tana gane ta da murya, kuma kana iya shigar da abin da ka gani a eBird, inda irin waɗannan rahotanni na mutanen gari suke taruwa su nuna inda ta kai. Idan kuwa ka duba ka ga fari fat a ƙarƙashin bindi, ka kuma ji kurrrruuu mai birgima, to ka turo mini, domin wannan jikar ta Daura ce ta tsere daga kejin wani, kuma mai yiwuwa ta yarda ta ci a tafin hannunka.